Rigar Da Vasek Ya Yanke Da Hannunsa

A ɗan filin jirginmu da ke tsakiyar gonakin masara a Nebraska, duk ɗalibin da ya fara tashi shi kaɗai, malaminsa zai yanke masa bayan riga a maƙala a bangon shagon shayin Marlys. Ni mai sayar da man jirgi ne, na ga an yanke riguna da yawa.

Orrin Vasek dillalin taraktoci ne, ya sayi jirgi tun kafin ya iya bambance kansa da wutsiyarsa. Ya ɗauki wani matashi, Leif, ya koya masa tuƙi. Shi kuwa Leif awoyin tashi yake tarawa don manyan kamfanoni su ɗauke shi, kuma duk filin babu mai jirgin da zai ba shi sai Vasek. In ya rasa shi, sai komawa gonar surukinsa.

Doka ta ce ɗalibi ba ya tashi shi kaɗai sai malami ya amince. Leif ya ƙi. Da gaskiyarsa, don saukar Vasek kamar a jefo buhun dankali daga kan soro take.

"Kai yaro, jirgin nan na ubanka ne ko nawa?"

"Naka ne, yallaɓai. Wuyan ma naka ne, shi nake tausaya wa."

Wata Asabar da safe muka tarar da ƙyalle a bango, da sunan Vasek. Yankan a karkace, irin na wanda ya kai almakashi bayansa da kansa.

Marlys ta dire masa kofi. "Barka, gwarzo! Yaushe aka yi bikin ba mu ji ba?"

"Jiya, bayan duk kun watse."

Na ce, "Ashe mu ne marasa rabo. To ga sama garau, maigida, zagaye ɗaya dai mu ma mu shaida. Man a wuyana."

Tsofaffin matuƙa suka ɗauki tafi. Leif ya buɗe baki, Vasek ya harare shi, ya fita yana tafiyar ƙasaita.

Ya tayar da inji, ya gangara har bakin titin tashi. Nan ya kafe. Farfela na ta juyi, jirgi ko motsi. Wani matuƙin jirgin feshin gona da ke jira a bayansa ya yi magana ta rediyo: "Baba, kwancin ƙwai kake yi ne?"

Leif ne ya taka har can, ya lallashe shi ya kashe inji, ya ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari, ya dawo da jirgin. Da muka tambaya sai ya ce wata na'ura ce ta yi gardama. Ya rufa wa mutumin asiri, alhali duk mun ga fuskar Vasek kamar an wanke tsumma.

Wai ku ce ya gode? Kafin la'asar ya sallami yaron. Zai iya zama da wanda ya hana shi tashi, wanda ya ga tsoronsa ne ba zai iya haɗa ido da shi ba.

Leif ya zo ya yi mini sallama, jakarsa a kafaɗa. Ya ce surukinsa na neman mai tuƙa motar girbi.