Bokitin Ɓawo a Ƙofar Baba Tela

"Kalli, don Allah kalli! Yau kwana uku ke nan bai taɓa shi ba."

Maman 'Yan Biyu ta toshe hanci da gefen mayafi, ta zunguri bokitin da ƙafa. Ƙudaje suka tashi buu. Mijinta, da ke ɗaure igiyar takalmi a kan matakala, ya ce, "To ki ƙwanƙwasa mana, a ji ko lafiya."

"Ni na makara. Ganin dama ce kawai irin ta tsofaffi."

Shekara guda ke nan da ta ɗauko sabuwar rayuwa ta kare muhalli, kuma wallahi da zafinta ta ɗauko ta. Leda ta fara kora daga gidan. Sai maganin sauro na fesawa, aka koma gidan sauro. Ruwan ɗauraya ma ba a zubarwa, da shi ake wanke banɗaki. A ofis har an gaji da wa'azinta. Amma in za a faɗi gaskiya, rabin aikin na Baba Tela ne, tsohon da ke zaune shi kaɗai a ɗakin ƙasa. Shi ya ɗinka mata jakunkunan cefane da ragowar ƙyallaye. Shi ke karɓar ɓawon dankali da na ayaba da na ƙwai, ya binne a bayan gida su zama taki, ya shuka tumatir a tsofaffin gwangwanaye. Da safe ta ajiye bokiti a ƙofarsa, da yamma ta tarar da shi a kife, an wanke tas. Ita kuwa sai ta ɗauki hoton tumatirin ta tura wa ƙawaye, wai lambunmu.

Ran farko da ta tarar bai taɓa bokitin ba, ta ce mantuwa ce. Rana ta biyu ta danna sabon ɓawo a kan na jiya, ta ja tsaki. Har tari ta jiyo daga ciki, mai nauyi, ta ce a ranta, au, ashe ma yana nan.

Da la'asar ɗin rana ta uku ta dawo daga aiki ta ga ƙofar a ɓalle. Mai shagon bakin titi ne ya lura tsohon bai zo sayen burodi ba, ya kira kafinta. A ƙasa suka same shi, tsakanin gado da keken ɗinki. Ya yi kwana biyu a asibiti, rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar kunya ta hana ta sakat. In za ta wuce ƙofar sai ta kau da kai, ta riƙa sanɗa kamar ɓarauniya. Da 'yar marigayin ta zo daga nesa don kwashe kayansa, mijin Maman 'Yan Biyu ya ce mata, "Sai kin shiga fa. Ba mai yi miki wannan."

Ta same ta zaune a bakin gado, tana ninke rigunan uban.

"Ke ce Maman 'Yan Biyu? Zo, 'yar'uwa, zo ki zauna." Ta kama hannunta ta riƙe gam. "Duk ranar da na kira Baba sai ya yi zancenki. Ya ce in daina damuwa, yana da 'ya a sama, ba ta taɓa fashin zuwa ƙofarsa ba. Shi ya sa ma ban matsa masa ya dawo wurina ba. A asibiti cewa ya yi yana kwance yana jin takunki kowace safiya."

Da Maman 'Yan Biyu ta ce "Allah ya jiƙansa" ta tashi, shi ke nan, ba mai sanin komai har abada. Ta buɗe baki don ta faɗi hakan, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Yaya, bokiti nake zuwa ajiyewa."

"Na'am?"

"Bokitin ɓawo. Na ji tarinsa. Ban ƙwanƙwasa ba."

Matar ta ɗago ta dube ta.

"Kwana ukun?"

"Duka ukun."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, kuma da ta zage ta ma da ya fi sauƙi. A hankali ta zare hannunta. Ta ɗauki wata shuɗiyar riga ta ninke a kan cinya, hannun rigar ya ƙi kwanciya. Ta warware ta, ta shafe wuyan da tafin hannu, ta sake farowa.