Ranar Da Aka Rufe Kanal

"Ba zan tashi ba, Yallaɓai."

Ina tsaye ne a ƙarƙashin fiffiken jirgin lokacin da na faɗa. An riga an cika tanki da maganin feshi, warinsa yana kama maƙogwaro. Kyaftin Badamasi, shugaban matuƙa na kamfaninmu, ya ɗago kai daga wayarsa ya ce in maimaita. Na maimaita.

Tsuntsayen jan-baki ne suka kawo mu. Sun sauka a shinkafar Kura da Bunkure daidai lokacin da ƙwaya take da ruwa-ruwa, kuma garke ɗaya yana iya tsotse eka guda kafin a idar da sallar walaha. Da rana ba a samun su, suna warwatse a gonaki. Sai gab da magariba suke komawa makwancinsu, wani surƙuƙin ciyawar kacala da ke bakin kanal, a nan ne jirgi zai bi ta kansu ƙasa-ƙasa ya saki magani. Ofis ya zaɓi ranar Laraba saboda ranar aka rufe ƙofar ruwan wannan kanal don gyara. A ganinsu, tun da ruwa ba ya gudu, babu abin da zai kwashi guba ya kai wa mutane.

Wanda ya rubuta takardar wannan umarni bai taɓa kwana a Kura ba. Ni a nan aka yanke mini cibiya. Ranar da aka rufe kanal ranar mutanenmu ce. Ruwa yana janyewa ya bar kududdufai, tarwaɗa da karfasa suna birgima a taɓo, sai ƙauye uku su zubo ciki, maza da koma, mata da kwanduna da tsofaffin gidan sauro. Mutanen ruga kuma su gangaro da shanu su sha ragowar ruwan, don ranar ce kaɗai ƙarfin ruwa ba ya jan ɗan maraƙi. Bayan azahar na zagaya wurin da jirgi don in duba hanya, na gan su da idona, baƙi ƙirin tun daga gada har gindin kacalar. Wasu ma suna ɗaga mini hannu.

Na yi wa Kyaftin wannan bayani tiryan-tiryan. Na roƙi kwana biyu kawai, a sako ruwa, mutane su fita, a yi shela, a killace wurin. Ya ce jirgin na haya ne, gobe da safe ana jiran sa a wata jiha. Ya ce takarda ta ce babu kowa, kuma shi da takarda yake aiki. Na ce ya hau mu je ya gani, minti shida ne. Ya ƙi.

"Rauda, kin san matuƙa nawa ne ke zaune a gida da lasisi a aljihu? In na buga waya yanzu, goma za su zo. Kyauta ma za su yi."

"Na sani, Yallaɓai. Ni ma na zauna."

Shekara uku na zauna. Babana ya sayar da gonarsa ta noman rani, eka biyu da ya gada, ya haɗa da ɗan tallafin da na samu, aka kai ni Zariya koyon tuƙin jirgi. Na fito da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa, na dawo gida ina taya innata turara shinkafa. In na fito ɗauke da buhu, samarin bakin masallaci su ce, "Kyaftin, yau ina za a sauka?" Manyan kamfanoni ba sa duban takardarka sai kana da awa ɗari biyar a sama, awa kuwa ba ta samuwa sai a cikin jirgi, jirgi kuma ba a ba ka sai kana da awa. Wannan kujera ta feshi ita ce ƙofa ɗaya da ta buɗe mini. Albashinta bai kai abin da yayana yake samu a sati biyu na tumatir a kasuwar Kwanar Gafan ba. Na karɓa da hannu biyu. A ranar nan saura mini awa sittin da ɗaya in cika ɗari biyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Kyaftin ya san wannan yunwar ciki da bai. Shekara ashirin da shida yana tashi, har yau gidan haya yake, ya sha samun aikin ofis mai tsoka ya ƙi. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa wanda ya taɓa jin ƙasa ta saki tayoyinsa ba ya sake zama daidai a kan kujerar ƙasa. Gaskiya ya faɗa. Ranar farko da na bi ta kan garinmu, na ga kanal-kanal ɗin nan a shimfiɗe kamar jijiyoyin ganye, na gane rufin gidanmu da dalbejiyar ƙofar gida, hannuna ne a kan sitiyari ba na kowa ba, na san babu wani albashi da zai raba ni da wannan aiki. Ya san haka, shi ya sa ya ɗauki abin ya mayar da shi igiya yana ja na da ita.

Muna cikin haka sai ga Baffa Ɗanbaba a kan babur, ƙanin babana, kuma shugaban ƙungiyar manoman yankin. Wata biyu ya yi yana zarya ofis-ofis kafin a turo jirgin nan. Da ya ji abin da ake ciki, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya soma da lallashi. Ya ce zai tura masu babura su kori mutane daga kanal. Na ce masa saura awa ɗaya da rabi rana ta faɗi, kuma shi ma ya sani ba a taɓa fitar da Bakure daga cikin kifi da baki ba. Ko an kore su, maganin zai kwanta a kududdufan da ba sa gudu. Da asuba za su dawo su tarar da kifi yana yawo a saman ruwa, tsuntsaye zube a ƙasa, su kwashe a buhu. Kafin azahar an soya, ana sayarwa a tasha.

Sannan muryarsa ta sauya.

"'Yar nan, ubanki fa noman raba-daidai yake yi a gonar da ya sayar dominki. Shinkafarsa na cikin wadda ake ci yanzu haka. Mu muka kai ki sama, yau kuma kin fi ƙarfin ki yi mana aiki ɗaya?"

"Baffa, matarka tana cikin kanal ɗin. Na ga jan mayafinta."

Duk da haka bai goya mini baya ba. Ya mayar da hularsa ya juya wajen Kyaftin yana tambaya ko shi ba zai iya tashi da kansa ba. Kyaftin ba zai iya ba, likita ya dakatar da shi tun bara saboda hawan jini. Ya buga waya Kano, wanda ya samu ba zai iso ba sai bayan isha. Muka tsaya mu uku a filin nan har inuwar jirgin ta yi tsawo. Tsuntsayen suka taso daga gonaki suka wuce ta kanmu kamar hayaƙi, ƙarar fikafikansu ta cika kunne, suka sauka a kacalarsu lafiya lau. Kyaftin ya miƙo hannu, na ba shi makulli.

Washegari wani saurayi ya zo ya tashi da jirgin zuwa waccan jiha. Ban ji haushinsa ba, na san irin zaman da ya yi kafin wayar ta same shi.

A gida babana tambaya ɗaya ya yi mini, ko na tabbata da abin da na gani. Na ce na tabbata. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki tsohon galan da sanda ya tafi gona. Kwana goma sha tara yana fita kafin asalatu, yana buga galan yana ihu har muryarsa ta dushe, ni ina ɗaya gefen ina jan igiyar gwangwanaye. Mai lasisin tuƙin jirgi, tana korar tsuntsu da gwangwanin madara. Masu wucewa a kan hanyar kanal suna rage gudu don su more kallo. Ban sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya.

Babu wanda ya mutu a ranar Larabar nan, babu saniyar da ta faɗi, don haka babu abin da zan nuna wa kowa. Waɗanda suka ci kifin lafiya su ne suke cewa boko ya sa mini girman kai. Wasu suka ce tsoro na ji, dama wa ya aiki mace. Wannan ta fi yi mini ciwo, domin na sha bi ta ƙarƙashin wayar lantarki da tanki cike, abin da ko Kyaftin yake runtse ido in ya gani.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Dawakin Kudu. Ina tara albashin wata uku in sayi awa ɗaya a ƙaramin jirgin koyo, don kada hannuna ya manta kuma kada lasisina ya mutu. Abokan aikina suna cewa haukan ya isa haka, in sayi keken ɗinki. Ba zan saya ba.

Kamfanin ya rubuta a fayil ɗina cewa na ƙi bin umarni a bakin aiki, kuma duk inda na kai takarda wannan layin yake riga ni isa. Babana, da yake sa ran buhu arba'in, ya tashi da goma sha ɗaya, aka raba biyu da mai gona. Baffa Ɗanbaba bai amsa gaisuwata ba tun daga ranar, ko a sallah. Saura mini awa hamsin da bakwai, kuma a yadda nake tafiya, shekara goma sha huɗu ke nan.