Ranar da Rabi'a Ta Zaga Jidda

Rabi'a ta daɗe a Jidda, amma in aka cire ɗakin da take kwana a Waziriyya da gidan Larabawan da take yi wa wanki da guga a Madain Fahd, ba ta san ko'ina a garin ba. Umara ta zo yi daga Gusau tun da sauran ƙuruciyarta, ta maƙale. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mata, don haka kullum ta bayan layi take bi, kai a sunkuye.

Sai ga ƙaninta Muntaka ya zo umara, jirginsu kuma sai washegari zai tashi. Yana firamare ta bar shi, yanzu ga shi da gemu da tumbi. Ya ce ba zai koma ba sai ta zaga da shi gari, ya ɗauki hotunan da zai nuna wa Inna, mahaifiyarsu. Kunya ta hana ta gaya masa ita ma baƙuwa ce. Ta roƙi uwar ɗakinta hutun yini guda, ta nemi maƙwabcinta Abduljalil, Bahaushen Sudan mai mota, ya ce halas, bayan azahar zai zo.

Da Balad suka fara, tsohon garin Jidda. Dogayen gidaje na dutsen teku sun jingina da juna, tagoginsu na katako mai sassaƙa, wasu kore wasu shuɗi. Duk abin da Muntaka ya gani sai ya waiwayo ya tambaye ta. Ita kuwa sai ta gyara niƙabinta ta bar Abduljalil ya amsa.

A ƙofar wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi ta hango mai gadi cikin kaki. Tikiti kawai yake dubawa, har murmushi yake wa mutane, amma ƙafafunta suka ƙi gaba. Ta ce gwiwarta ke ciwo, su shiga za ta jira. Ta zauna a dakalin wani mai sayar da turare tana kallon masu yawon buɗe ido suna shiga suna fita, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Da Muntaka ya fito sai ya hau ba ta labarin tsofaffin butocin gahawa da wata matakala mai faɗi. Ta yi ta gyaɗa kai.

Bayan la'asar suka isa bakin teku. Shekaru tana jin damshinsa a jikin kayan da take shanyawa, yau ta fara ganinsa ido da ido. Ga masallaci fari tsaye a kan ruwa, igiyar ruwa na dukan ginshiƙansa. Muntaka ya ce nan ne ya dace su kira gida ta bidiyo.

Rabi'a ta daɗe ba ta yi magana da Inna ba. Duk sanda ta kira sai a ce tana barci, ko kunnen ya ƙara nauyi. Sajida, matar Muntaka, ta ɗauka, ta kai wayar gaban tsohuwa. Inna ta rame, tana zaune a tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Rabi'a ta ɗage niƙabi ta gaishe ta.

Inna ta amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa matar maƙwabta. Ta tambayi gajiya, ta tambayi mai gida. Sajida ta ce mata ai daga Jidda ne.

"Jidda?" in ji Inna. "Hajiya, ina da 'ya a can, Rabi'a sunanta. Doguwa ce, yarinya. In kin gan ta ki ce ta zo ta tsefe mini kai."

"Ni ce, Inna."

"To, madalla. Ki gaya mata."

Bayan an kashe wayar Muntaka bai iya duban fuskarta ba. Ya ce tun bara abin ya fara, sun ɓoye mata ne don kada hankalinta ya tashi. Ya yi zaton in ta ga fuskar Rabi'a za ta tuna.

"Yaya, ki dawo gida," ya ce. "Ko ba ta gane ki ba, ki dawo."

Abduljalil ya zo ya ce yalla, saura wajen ruwan nan mai feshi sama, amma babu wanda ya tashi, sai ya koma mota ya jira su.

Muntaka ya tafi washegari. Rabi'a ta koma kan gugarta, ta ƙona rigar mai gida, aka yi mata faɗa. Bayan ƙaramar salla ta rarraba wa maƙwabta tukwanenta da katifarta, ta miƙa kanta ga hukuma. Ta yi makonni a tsare kafin a sa ta a jirgi.

Ta tarar da Inna da rai. Tsohuwar ta sa aka shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, aka kawo mata ruwa. Rabi'a ta zauna tare da ita har ƙarshen damina, tana yi mata wanka tana ba ta kunu a baki. Inna ba ta daina kiranta Hajiya ba, kullum kuma sai ta yi mata godiya ta ce ta gaida mutanen gidansu. A haka Allah ya karɓi ranta, wata safiyar Talata.