Ruwan Soson Teku

Harsashi na farko ya tarwatsa gilashin gaba, na biyu ya shige cinyar Sha'ibu da ke tuƙi. Motar ta yi tangal-tangal a kan hanyar Kelle, ta mutu. Rana tsaka.

Fa'iza ta danne raunin da gyalenta, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunta. Yayanta ne ciki ɗaya, rakiya kawai ya yi mata zuwa aikinta na likitar dabbobi. Saura kilomita ashirin su kai Gure. In awa guda ta wuce bai ga likita ba, gawa za ta kai wa Inna.

Mutum biyu suka diro daga babur. Babban, mai haƙorin azurfa, ya zare makullin motar ya jefa aljihu, ya finciko Fa'iza waje. Ƙaramin ya jawo akwatin sanyi daga baya ya ɓalle murfin. Kwalabe biyu ƙanana kwance cikin ƙanƙara.

"Madam lokotoro, mene ne wannan?" in ji babban.

"Ruwan soso ne."

Marin da ya ɗauke ta da shi sai da leɓenta ya fashe.

"Ni za ki yi wa ba'a? Soso a ƙanƙara?"

"Soson teku! Wata halitta ce ta ƙarƙashin ruwa, daga Dakar aka aiko. Ɗiga shi muke yi a kan tsutsar cikin tumaki, mu ga ko zai kashe ta. Bai zama magani ba tukuna. Guba ne, wallahi!"

Suka tuntsire da dariya.

"Ka ji ta! Soson da tsohuwata ke shukawa a jikin darni, muna cuɗa baya da shi, wai shi ne guba. Ƙwayar manya ce kike ɓoyewa."

Ya leƙa cikin motar ya nitsa bakin bindiga cikin raunin Sha'ibu, ya murza. Ihun ya ratsa Fa'iza har ƙashi. Ta faɗi gaskiya, ta rantse, an ƙi. Ta dubi leɓen yayanta da ya soma fari.

"Tsaya! Na faɗa. Ya fi tramol sau goma."

"Yawwa, 'yar gari!"

Ya cire murfin da haƙori ya ɗaga kwalba ɗaya ya shanye duka. Ƙaramin ya kurɓi rabin tasa ya yamutse fuska. Babban ya yi taku huɗu, na biyar gwiwarsa ta lanƙwashe. Ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita ta baki da hanci.

Ƙaramin ya ɗago bindiga, gubar ta riga ta soma cinsa. Harsashin ya tafi sama. Fa'iza ta wawuro ƙarfen jak daga bayan motar ta sauke masa a wuyan hannu, ƙashi ya ce ƙas, ta ƙara masa a ƙeya. Ta durƙusa kan babban, ta cusa hannu cikin aljihunsa yana ta fizge-fizge, ta zaro makullin.

Ta ja Sha'ibu zuwa kujerar gefe, ta ɗaure cinyar tamau da ɗamararsa, ta taka mota.

"Yaya, kar ka rufe ido! Yi mini magana!"

Rairayi na tashi a baya, injin na kuka, ba ta sauya giya ba. Sai da rufin kwanon asibitin Gure ya bayyana ta ji muryarsa, can ƙasa-ƙasa.

"Ke... canja bites. Za ki kashe mini mota."