Zuma a Jikin Alƙalami

Sau bakwai Pyo Sang-uk yana zama jarrabawar alƙalai, sau bakwai yana faɗuwa. Ga shi kuma takardar rajistar ta takwas tana aljihunsa. Kawunsa mai shagon taliya a birnin Daegu na Koriya ya gaji da roƙonsa ya zo ya karɓi shagon, don kowa ya san in Sang-uk ya dafa romo har maƙwabta sai sun leƙo. Amma ina! Ranar da ya cika shekara ɗaya, da aka jera masa kaya a faifai don a ga abin da zai zama, alƙalami ya ɗauka. Akwai kaset ɗin bidiyon ranar ma. Duk sabuwar shekara sai an kunna shi an yi tafi.

Wannan kaset ɗin ya kai wa tsoho Bang, mai shagon juye kaset, ya juye masa a faifan bidiyo, saboda za a nuna a bikin cikar mahaifiyarsa shekara sittin. Da ya koma karɓa, tsohon ya turo masa kujera da ƙafa.

"Zauna, mai shari'a. Ka taɓa kallon abin nan har ƙarshe?"

"Na haddace shi, Baba. Ana gama tafi hoton yake ɓacewa, allo ya koma yayyafi."

"Ku ke nan kuna kashewa. Ni na'urata ba ta san gaggawa ba, sai zaren ya ƙare. Babanka ya maido da kaset baya ne ya ɗora sabon ɗauka a kan na farko, sai na biyun bai kai na farkon tsawo ba. Wutsiya ta rage."

Ya danna. Ga jariri da alƙalami, ga tafi, ga yayyafi. Can sai hoton ya dawo. Ɗaki ɗaya, riga ɗaya, amma jaririn ya rungume ludayi da hannu biyu yana tsala ihu, uwarsa tana ɓamɓare masa yatsu. Kawu na gefe yana dariya har da riƙe ciki. Sai muryar marigayi babansa daga bayan kyamara: "Wa ya sa ludayin nan? Fitar da shi! Ke, kawo zuma ki shafa wa alƙalamin, mu sake."

Sang-uk ya miƙe, ya koma ya zauna. Shekara goma a ɗan ɗakin da ko tagar kirki babu, yana cin shinkafa da littafi a gabansa!

"Sake kunnawa," in ji shi. Aka sake har sau uku.

Ya kira mahaifiyarsa a waya. "Omma, zuma kuka shafa?"

"Wa ya gaya maka? Kawunka ko? Bakinsa ba ya riƙe komai."

"Omma, shekara goma fa!"

"To ludayi za mu bari surukaina su gani? Ai ma ba da yawa muka shafa ba."

Ya kashe wayar. Tsoho Bang ya tsiyaya masa shayin sha'ir. "Yanke wutsiyar ba wuya, minti ɗaya ne. Yawancin masu zuwa nan yankewa suke sa ni. In yanke?"

Sang-uk ya daɗe yana kallon jaririn da aka tsayar a allo, fuska jawur, ludayi a ƙirji. Bai taɓa ganin kansa ya riƙe wani abu da ƙarfi haka ba.

"Yanke wa Omma nata, kada a kunyata ta gaban baƙi. Nawa kuma bar shi cikakke."

Ya zaro takardar rajistar, ya juya bayanta, ya ari biron tsohon. "Baba, taliya kwano nawa kake ci a zama ɗaya? In rubuta ka a farkon masu ɗanɗanawa."

"Biyu," in ji Bang. "Kada ka sa zuma."