Taswirar da Ta Fi Firam Tsawo

Kafinta ya shimfiɗa taswirar a kan teburinsa, ya ɗora mata firam mai ruwan zinariya, ya ɗaga, ya girgiza kai. Ta fi firam ɗin tsawo da taƙi guda.

"Baba Malam, abin mai sauƙi ne," in ji shi. "Nan ƙasa babu komai sai farar takarda. In sa reza in datse, ko wanda ya zana ta ba zai gane ba."

"Wanda ya zana ta ya rasu fiye da ƙarni biyu da suka wuce," tsohon ya ce, "amma ni ina nan."

A koyar da labarin ƙasa ya ƙarar da ƙarfinsa, taswirar kuwa tun yana ɗalibi take hannunsa. Firam ɗin surukinsa mijin 'yarsa ne ya aiko, kyauta ta farko da ta shiga tsakaninsu. Shi ya sa 'yarsa Auta ta biyo shi shagon, tana tsaye tana murza bakin mayafi.

"Baba, in aka mayar masa da kayansa, da wane ido zan dube shi?"

Tsohon ya gyara tabarau, ya bi gaɓar teku da yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba. Sunayen tashoshin jiragen ruwa sun yi cincirindo a gaɓar kamar tururuwa a bakin kwano. Daga nan kogi guda ya nausa cikin nahiyar, yana sirancewa, sai ya tsaya cak.

"Masu zanen taswira da suka riga shi," ya ce, "in iliminsu ya ƙare, sai su cike gurbin da giwaye da duwatsun da ba su taɓa wanzuwa ba, na baya yana kwafar na gaba. Shi wannan ya share su duka, ya bar wurin fari. Sauran zanen kowa na iya yi. Nan ne ya yi jarunta."

Kafinta ya kwashe da dariya. "Yau na ga mai gadin babu!"

"Ɗauko zartonka."

"Ai reza ta fi..."

"Ba takarda za ka yanka ba. Firam za ka raba biyu, ka ƙara masa katako ta kowane gefe, ka yanko sabon gilashi."

Auta ta dafe ƙirji. Kafinta ya sosa ƙeya, ya ce katakon da yake da shi fari ne, ba zai zauna da zinariya ba.

"Bar shi fari, kada ka shafa masa komai." Sannan ya juya ga 'yarsa. "Mijinki ni zan taka in same shi, in yi masa bayani. In zai yi fushi, da ni zai yi, kuma fushi yana hucewa. Takarda in ta yanku ba ta tsirowa."

Auta ta dube shi. Can ta aje jakarta, ta riƙe wa kafinta bakin firam.

Zarto ya fara ci, garin zinariya yana zuba a ƙasa. Tsohon ya naɗe taswirarsa a hankali, ya ja da baya, kada ƙura ta sauka a farin wurin.