Sa-ido a Kwamfutar Malam Aƙilu

A Tsiga, duk wanda ya ce maka bai taɓa kai ƙarar wani a takarda ba, to ko baƙo ne ko ƙarya yake yi. Mu ba ma faɗa a fili. Sai mu gaisa, mu tambayi iyali, mu tambayi yabanya, sannan kowa ya zagaya ta bayan shagona ya shige wurin Malam Aƙilu mai buga takardu. Ni maganin feshi nake sayarwa da irin masara. Bango ɗaya ne tsakanina da Malam, kuma bangon na katako ne, don haka kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi na san abin da zan faɗa.

Shekara goma sha tara Malam Aƙilu yana wannan sana'a. Yana buga takardar sayen gona da ta rabon gado da ta neman aiki, amma babbar hajarsa ita ce takardar koke. Kowace ta fita daga shagon nan, sa hannun da ke ƙasanta ɗaya ne: Masu Kishin Tsiga. Da za a ƙirga Masu Kishin Tsiga da sun fi mutanen Tsiga yawa, don akwai mai yin kishin sau uku a damina ɗaya.

Jarin Malam ba kwamfutar ba ce, bakinsa ne da yake a ɗinke. Yana ajiye kwafin kowace takarda, saboda mutum kan dawo bayan shekara ya ce ba haka ya faɗa ba. A shafin ƙarshe, wanda ba ya bugawa, sai ya rubuta sunan ainihin mai koken don tunin kansa. Sannan ya raɗa wa fayil ɗin sunan da ba mai sha'awar buɗewa: Addu'ar Shiga Kasuwa, Falalar Azumin Tasu'a, Jadawalin Aji Uku. Da yake mutum ne mai tsoron asara, kowace takarda sai ya yi mata kwafin ko-ta-kwana a wurare barkatai, kowanne da nasa sunan na ustazai. Yana ji da wannan dabara ƙwarai.

Da tsohuwar manhajarsa ta fara ciwo, sai ya ɗauki kwamfutar zuwa Funtua wurin Abdussamad, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi Injiniya ba gyara kaɗai yake yi ba, har da wa'azi. Ya goge tsohuwar ya zuba masa wata ta kyauta, wadda ya ce mutanen duniya ne suka yi gayya suka gina.

“Baba Malam, wannan manhajar 'yanci ce,” in ji shi. “Ba ta da maigida. Abin da ba ka so ka cire, abin da kake so ka ƙara. Har akwai wani abu a ciki mai bin takardunka ɗaya bayan ɗaya yana karanta cikinsu, ya haddace, ya gane wace ta shafi wace. Kalma ɗaya za ka rubuta ya zubo maka su.”

Malam rabin wannan kawai ya ji. Hankalinsa na kan ko sabuwar manhajar za ta iya buga ƙa mai lanƙwasa, don ya gaji da yadda tsohuwar ke mayar masa da ƙasa ta koma kasa. Da ya ga ta iya, ya yi godiya ya hau mashin ya dawo.

Tun daga ranar kwamfutar ta daina hutawa. Ko ba a taɓa ta ba, fankarta na gurnani kamar injin casar masara. A danna harafi, sai an gama gaisawa da mutum biyu kafin ya fito. Malam ya buga wa Injiniya waya, shi kuma ya ce masa ai abin nan mai bin takardu ne ke karatu, a ba shi lokaci. Ni na raɗa masa suna Sa-ido, don a garinmu mai bin kayan mutane yana leƙawa ba tare da an aike shi ba, sunansa ke nan.

Ranar Laraba Alhaji Maiwada ya zo. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman masara ta garinmu, shi ne kuma mai jerin shagunan da muke ciki, har da nawa. Wata guda ke nan ransa a ɓace, saboda wata takarda ta isa ƙaramar hukuma tana cewa Marigayi Ɗanasabe shekara biyu yana kabari, amma kowace damina yana zuwa ya karɓi taki buhu biyu, har ya sa hannu. Wadda ta sa aka buga ita ce Shafa'atu, matar marigayin. 'Ya'yanta huɗu, kuma gonar da take nomawa aron Alhaji ce. Masararta ta fitar da goyo. Ran da ta zo, na ji da kunnena ta ce, “Malam, amana,” shi kuma ya ce, “Maman Kausar, ko matata ba ta san abin da ke cikin akwatin nan ba.”

Alhaji ba don wannan ya zo ba. Kwafin takardar wata gonarsa yake nema. Malam, don ya nuna sabon ilmi, ya rubuta Maiwada a gurbin nema. Sa-ido kuwa bai san babba ba. Nan take ya jero takardu, ta farko sunanta Addu'ar Shiga Kasuwa, a ƙarƙashinta ga layi ɓaro-ɓaro: “shugaban ƙungiya Alhaji Maiwada yana raba wa matattu taki.”

Alhaji ya yi boko har aji bakwai. Ya sunkuyo ya karanta da ƙarfi.

“Malam Aƙilu, wace irin addu'a ce wannan?”

Allah ya taimaki Malam, kwamfutar ta sandare daidai lokacin, don Sa-ido ya koma karatunsa. Aka danna, aka jira, aka sake dannawa, shiru.

“Ba komai,” in ji Alhaji, yana gyara hula. “Jibi bayan masallaci zan dawo da Mai Unguwa da 'yan kwamiti. A gabansu za ka rubuta Masu Kishin Tsiga, mu ga masu kishin nan ido da ido. In kau ka ƙi, shagona nake so.”

Da ya fita na leƙo. Na tarar da Malam zaune yana kallon allon. Na tsorata, kuma ba don Shafa'atu kaɗai ba. Shekara uku da suka wuce ni ma na taɓa yin kishin Tsiga a kan maganar kwata da Alhaji ya toshe.

Malam ya goge takardar Shafa'atu. Ya sake nema, sai ga ta a ƙarƙashin Ladubban Cin Abinci. Ya goge. Bayan la'asar Sa-ido ya tono wata mai suna Sunayen Watanni. Kwafin ko-ta-kwanan da ya yi ta binnewa su ne ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, shi kansa bai san adadinsu ba, Sa-ido kuma ko rabin karatunsa bai yi ba. Goge komai kuwa ba zai yiwu ba, don iyakokin gonakin rabin garin nan a cikin akwatin suke.

Alhamis da safe na rufe shago na goya shi zuwa Funtua, kwamfutar a buhu a tsakaninmu.

Injiniya ya saurara yana murmushi irin na likitan da aka kawo wa mura. Ya buɗe wani wuri ya cire wata alama ya ce ya kashe Sa-ido. Ya kashe kwamfutar ya kunna don ya nuna mana. Fanka ta ɗauki gurnani.

“Af,” ya ce. “Kalanda ce ta tashe shi. Tana buƙatarsa.”

“Mi ya haɗa kalanda da takardun mutane?” in ji Malam.

“Dangi ne, Baba.”

“To a cire shi gaba ɗaya. Ba kai ka ce manhajar 'yanci ba ce?”

Injiniya ya rubuta umarnin cirewa. Kwamfutar ta yi tunani, sannan ta jero sunaye har suka cika allo suka gangara. Ya bi su da yatsa, murmushin na raguwa. Ya ce in Sa-ido zai tafi, abu ɗari biyu da goma sha huɗu za su bi shi: kalanda, agogo, mai buɗe hotuna, mai nuna fayil, har fuskar kwamfutar kanta da ake gani ana dannawa. Takardun za su zauna lafiya lau, amma ba mai ganinsu sai wanda ya iya magana da baƙin allo. Na ce wannan ba manhaja ba ce, gidan gandu ne, ka kori ɗa ɗaya gida ya watse.

“Akwai hanya,” in ji Injiniya. “A sake ginin tun daga tushe ba tare da shi ba. Aikin kwana uku ne in sabis ya yarda. Sai dai yau zan tafi biki Matazu, sai mako mai zuwa. Amma Baba, za ka iya rubuta wa masu manhajar koke. Akwai dandalinsu. Shekara da shekaru ana ta rubuta masu a kan wannan abu.”

“Sun cire?”

“Suna tattaunawa.”

“Da sunan wa ake rubutawa?”

“Kowa da sunan da ya ƙirƙira.”

Malam ya dube ni, na dube shi. Ashe har can akwai Masu Kishin Tsiga.

Kafin mu fito Malam ya sa Injiniya ya kwafa masa umarnin cirewar nan a bayan wata takardar magani. Injiniya ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya ce kada ya kuskura ya taɓa, don makon nan ne ake cike takardun rajistar manoma, kuma ya san a nan Malam ke samun aikin da ya fi na duk shekara. Malam ya ce ya ji.

Juma'a bayan an sauko, suka iso: Alhaji a gaba, Mai Unguwa a bayansa, sai 'yan kwamiti uku. Ban taɓa ganin mutanen da suka zo kama ɓarawo suna tafiya a sanyaye haka ba. Ma'ajin ƙungiya sai duban hanya yake yi. Mai Unguwa ya fara cewa shi a ganinsa a bar wa Allah, Alhaji ya katse shi. Na shigo na tsaya bakin ƙofa da sunan kawo ruwa.

Malam ya zauna ya yi bisimilla. Ya buɗe wani ɗan baƙin gurbi, ya ajiye takardar maganin a gefen madannai, ya shiga kwafa harafi bayan harafi da yatsa ɗaya, shi da ke bugu da goma.

“Wannan ne neman?” in ji Alhaji.

“Shi ne babban, ranka ya daɗe. Wancan na yara ne.”

Sunaye suka cika allo. 'Yan kwamiti suka matso, kowa na neman nasa a ciki, ba su san sunayen kalanda da agogo ba ne. A ƙasa kwamfutar ta tambaya ko a ci gaba. Na ga hannun Malam ya tsaya a sama. Ya san abin da ke layi a ƙofarsa gobe da safe, ni ma na sani. Ya danna.

Rubutu ya yi ta gudu. Agogon kusurwa ya ɓace. Hoton korayen tsaunukan da ke bango ya ɓace. Malam ya kashe ya kunna, sai ga allo baƙi ƙirin, da wani ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa shi kaɗai. Fankar ta yi tsit. Rabon da in ji shagon nan shiru haka tun kafin a fara kai kwamfutar Funtua.

“Ta mutu,” in ji Malam. “Na faɗa wa yaron nan kayan kyauta ba su da tabbas.”

“Innalillahi,” in ji Mai Unguwa, da wata murya mai daɗi kamar an yi masa albishir. Ma'aji ya ce ai komai ya yi farko zai yi ƙarshe. 'Yan kwamiti suka yi wa Malam jaje da fara'a, ɗaya har da riƙe masa hannu biyu, suka fice da saurin da ba su shigo da shi ba.

Alhaji ya yi faɗa sosai. Ya ce an raina shi, ya ce ƙarshen wata Malam ya kwashe kayansa. Ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya sunkuya, ya rage murya, ya manta da bangon katako.

“Wadda aka rubuta kan tsohon shugaba, shekara shida da suka wuce. Ita ma ta tafi?”

“Ba mai ganinta, Alhaji.”

“To madalla,” ya ce. Amma bai janye maganar shagon ba.

Kwana tara kwamfutar na rufe da tsumma, don bikin Matazu ya zarce da wani a Dandume. Manoma suka zo da takardun rajista, suka ga baƙin allo, suka hau mashin zuwa Bakori wurin wani sabon mai shago. Gari ya ɗauka cewa Malam Aƙilu ya tsufa, zamani ya fi ƙarfinsa. Waɗanda suka fi yaɗa maganar su ne waɗanda ya rufa wa asiri, kuma ni, Allah ya yafe mini, ban buɗe baki na gyara ba, don shagona ma na Alhaji ne.

Rana ta shida Shafa'atu ta zo da takardar makarantar Kausar. Ba ta san komai ba, an dai ce mata Alhaji ya zo bincike bai samu ba, ta ɗauka sa'arta ce. Ta dubi tsumman, ta dubi kwalayen da Malam ya fara ɗaurewa.

“Haba Malam, mutum da sana'arsa ya zauna ya lalata kayan aikinsa da hannunsa? Yanzu sai na bar masara tsuntsu na ci na tafi har Bakori?”

“Sai haƙuri, Maman Kausar.”

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa ta juya. Har ta kai bakin titi tana tsayar da mai mashin, Malam ya taso ya leƙa.

“Maman Kausar! In kin je, duk abin da ya buga maki, ki tsaya a kansa sai kin ga ya goge.”

Ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwayo ba. Malam ya koma ciki ya ci gaba da ɗaure kwalayensa, ni kuma na kawo masa igiya.